Me zan dafa wa iyalina da zai gina jiki, ga tsadar abinci?

Wata baiwar Allah daga unguwar Kurna a nan Kano ta aiko da tambaya. Ta ce an auna maigidanta an samu yana da hawan jini, an ce a gyara masa cin abinci, amma ba a yi musu bayanin yadda za a gyara ba. 'Ya'yanta huɗu, autar tana da wata takwas. Kullum tana jin ana maganar abinci mai gina jiki a rediyo, ita kuwa abin da take iya ɗorawa shi ne tuwo da miyar kuka, shinkafa da mai da yaji, wata rana taliya. Nama sai an samu sarari. Tana so a gaya mata gaskiya, shin talaka zai iya cin abinci mai kyau, kuma ta ina za ta fara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya raya miki zuri'a. Na daɗe ina zama da mata a ɗakin awo da kuma wajen masu ciwon suga da hawan jini ina ba su shawara kan abinci, kuma wannan tambayar taki ita ce na fi ji a bakinsu. Amsar ita ce e, zai iya. Mafi yawan abin da jikinku yake nema yana nan a kasuwar unguwarku, wani ma yana cikin madafinki yanzu haka. Inda muke samun matsala a gidajenmu shi ne wajen rabo: tuwo ya cika kwano ya yi tozo, miya kuwa ɗan tsiyaye ce a gefe, ita ma ruwa da gishiri sun fi yawa a cikinta. Mutum ya tashi ciki ya cika, amma abin da zai gina masa jini da tsoka bai shiga ba. Idan kika gyara wannan rabon kaɗai, kin yi fiye da rabin aikin.

Aiki uku jiki yake nema daga abinci. Akwai mai ba da ƙarfi, wato hatsi irin su gero, dawa, masara, shinkafa da alkama, sai dankali, rogo, doya, da kuma mai. Akwai mai gina tsoka da gyara abin da ya lalace a jiki, wanda ake kira furotin, ana samunsa a wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da nama. Na ukun shi ne mai kare jiki daga cuta, wato bitamin da sauran sinadarai da ke cikin ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace. Na farkon ba ma wasa da shi, shi ne ma ya cinye kwanon. Na biyu da na ukun su ne ke yi mana ƙaranci.

Wannan ƙarancin ba ƙaramin abu ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mu ne masu kasuwar Dawanau, inda ake lodin wake da waken suya da riɗi ana kai wa wasu ƙasashe, mu ne masu kasuwar kayan miya ta 'Yankaba da ta 'ya'yan itace ta 'Yan Lemo. Talauci yana da hannu babba a ciki, ba zan ɓoye miki ba. Amma na sha ganin gidaje biyu masu samu iri ɗaya, yaran wannan sun murje, na wancan kullum suna hanyar asibiti, kuma bambancin yana cikin yadda ake kasafta kuɗin cefane.

Bari in tsaya a kan wake, domin shi ne naman talaka na haƙiƙa. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya ya haura kashi ɗaya cikin uku. Shinkafa kuwa ba ta wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 ba. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar furotin wajen giram 50 a rana. Akwai kuma wata hikima da iyayenmu suka riƙe tun kafin a san sunanta a makaranta. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa giɓin, amma abin da hatsi ya rasa wake yana da shi, abin da wake ya rasa hatsi yana da shi. Idan suka haɗu a ciki ɗaya, sai su ba da furotin da ya kusa na nama. Shi ya sa garau-garau, da ƙosai da koko, da alale da kunu, da dambu mai gyaɗa da zogale, da faten wake, duk abinci ne na ƙwarai. To wannan shinkafa da mai da yajin da kike yi, ki rage gwangwani ɗaya na shinkafar ki mayar da wake a madadinsa, ki yanka tumatir da albasa da kabeji ko latas a kai. Kuɗin bai ƙaru da yawa ba, amma abincin ya zama wani abu daban. Awara ma haka, in kin saya wa yara ita kin fi wanda ya saya musu biskit. Ƙuli-ƙuli a daka a zuba a kwaɗo. Daddawa a miya ba ƙamshi kaɗai take bayarwa ba, ita ma tana ɗauke da furotin. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Busasshen kifi ƙanana, ki daka shi har da ƙayarsa ki riƙa barbaɗawa a miya, ƙayar nan tana ƙarfafa ƙashi.

Sai miya. Kada ki raina miyar kuka, ganye ce mai amfani. Abin da nake so shi ne ta yi kauri, ta yi yawa, kuma kada a maimaita ta kwana bakwai a jere. Yau kuka, gobe taushe da kabewa da alayyahu, jibi kuɓewa, gata zogale da gyaɗa, ga yakuwa, ga rama, ga tafasa da damina. Kabewa da karas da manja da ganye mai duhun kore suna ba da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da yawan laulayi ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ban da dankali da rogo. Ba sai kin nemi sikeli ba. Ki ɗauka cikin tafin hannu sau biyar ne a wuni: lemo ɗaya, yankan gwanda ko kankana, kwaɗon zogale, ganyen da ke cikin miyar rana da ta dare. Ki bi lokaci, kowane abu a saye shi sa'ad da ya yi araha. Mangwaro da bazara, goba da lemo a nasu lokacin, tumatir da karas da kabeji da sanyi in kayan rani sun shigo daga Kura da Kadawa. Magarya, goruba, ɗinya, aduwa da 'ya'yan kuka duk suna cikin lissafi, garin 'ya'yan kuka ma yana da bitamin C sosai. Idan ganye ya yi araha ki shanya a inuwa ki adana, rana tana cinye wani ɓangare na amfaninsa.

Wajen dahuwa abu biyu nake roƙon mata. Kada a bar ganye a wuta har ya koma baƙi, a sa shi a ƙarshe, ya ɗan yi laushi a sauke. Sannan a sassauta da kanwa. Na san tana sa wake ya nuna da wuri ta kuma sa miya yauƙi, amma tana kashe wasu bitamin, kuma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin nan na cikin gishiri da ke tayar da jini. Ki jiƙa wake tun dare, zai nuna ba tare da ita ba, kin kuma rage cin gawayi. Surfe ma a rage shi. Dusar nan da muke bai wa awaki a cikinta bitamin da abin da ke tafiyar da bayan gida suke. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi fes ba ya fi farin tuwo riƙe ciki, kuma ba ya ɗaga sugan jini da sauri kamarsa.

Yawan tuwon kuwa ya danganta da aikin mutum. Ɗan dako a kasuwar Singa da mai zaman shago a Kantin Kwari ba za su ci malmala iri ɗaya ba. Ga mai zama wuri ɗaya, malmala daidai dunƙulen hannunsa ta isa a zama guda, sai miya ludayi biyu masu kauri. Addininmu ma ya koyar da mu raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi.

Yanzu maganar maigida. Babban abin da za ki sa wa ido shi ne gishiri. Ƙa'idar ita ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato cokalin shayi ɗaya shafe, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ya shiga cikinsa daga safe zuwa dare, ba wanda kika barbaɗa da hannu kaɗai ba. Nan ne mata da yawa ke ruɗuwa. Mace za ta ce mini ta daina sa gishiri sam, in na tambaye ta dunƙule nawa take sakawa a miya sai ta ce biyar ko shida, ga farin magi a kai. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Garin yajin da ake ci da shinkafa da ɗanwake akwai gishiri da dunƙule a ciki. Burodi akwai, kifin gwangwani akwai, ƙullin ɗanɗanon da ke cikin indomi akwai da yawa, tsire da kilishi akwai. Gishiri in ya yi yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru a jijiya, zuciya ta riƙa bugawa da wahala, a hankali abin ya taɓa ƙoda ko ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye.

Kada ki cire gaba ɗaya rana ɗaya, za a ƙi cin abincin a koma sayen na waje. Ki rage dunƙule ɗaya wannan makon, ki ƙara rage wani mako mai zuwa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya zama abincin biki ma mutum ya ji gishirinsa ya yi masa yawa. Gurbin ɗanɗanon ki cike shi da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kanumfari da garin busasshen kifi. Kuma ban ba ki shawarar yi masa tukunya daban ba. Wahala ce gare ki, shi kuma zai ji kamar an ware shi. A rage wa kowa, yaranki ma su tashi da harshen da bai saba da gishiri mai yawa ba. Ɗan gishirin da za ki yi amfani da shi ya zama na leda mai sinadarin aidin, wanda tun shekarun 1990 doka ta wajabta sa shi a gishirin ƙasar nan, shi ne ke hana maƙoƙo kuma yana taimaka wa ƙwaƙwalwar yara. A rufe shi a mazubi, kada a bar shi a buɗe kusa da murhu.

Abu ɗaya zan jaddada da babbar murya: gyaran abinci ba ya maye gurbin magani. Idan likita ya ɗora shi a kan ƙwaya, ya ci gaba da sha ko da ya ji garau, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Zoɓo marar suga yana ɗan taimakawa, tafarnuwa ba laifi, amma ba su isa a ajiye magani saboda su ba. Ya riƙa zuwa ana auna shi, in awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye ya koma wurin likita. Idan kuma an taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu, to abincinsa yana da nasa tsarin daban, sai an zauna da shi.

Suga ita ce ta biyu. Abin da aka yarda wa babba kada ya wuce cokalin shayi 12 a rana, in an tsaya a 6 ya fi. Lemon roba mai santilita 50 yana iya ɗauke da wajen cokali 12 ko 13 shi kaɗai. Ki ƙara da cokali huɗu na shayin safe, da na koko, da na fura, da na zoɓo, ki ga inda lissafin ya kai. Zuma da mazarƙwaila da rake da aka matse duk a layin suga suke. Kunun aya da kunun zaƙi da zoɓo na gida sun fi lemon kwalba, muddin ba a cika musu suga ba. Fura da nono abinci ne mai kyau ƙwarai, gero ga kindirmo, suga ce kawai ke ɓata shi in ta yi yawa.

Mai kuwa jiki yana buƙatarsa, musamman yara, domin akwai bitamin da ba sa shiga jiki sai da shi. Sai dai giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, na sitaci ko furotin 4, shi ya sa yake saurin tara teɓa ga babba. Ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga jarka. Manja kada a ƙona shi har ya yi fari, jan nan shi ne amfaninsa. Man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi a zubar. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ko ɗaci a tsince a yar, kada a ce asara, domin gubar da ke cikinsu tana lalata hanta kuma wuta ba ta kashe ta.

Ke kanki ba ki tambayi komai game da lafiyarki ba, haka kuma iyaye mata suke, amma ni zan faɗa. Kina shayarwa, kin haihu huɗu. Wancan binciken na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan ƙasar nan masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Yawan kasala, jiri, haki in an hau bene, fari a cikin ido da tafin hannu, duk alamunsa ne. Abin da ke gina jini shi ne sinadarin ayan, wato ƙarfe, yana cikin hanta, nama, kifi, wake, gero da ganye. Na cikin tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi sai an haɗa shi da abu mai bitamin C, don haka ki matsa lemon tsami a kwaɗo, ki sha lemon zaƙi ko ki ci goba bayan wake. Shayi kuwa yana hana shi shiga jiki, a ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jego ko marar lafiya wai don ƙarin jini, suga ce ta fi yawa a ciki, kuɗin in aka sayi hanta ko ƙwai da shi ya fi amfani nesa ba kusa ba. Kuma don Allah ki daina zama ta ƙarshe a cin abinci. A gidaje da yawa tsokar da ke miya ta maigida ce, yara su sami romo, uwa ta kankare tukunya. Mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro su ne suka fi kowa buƙatar wannan tsokar. Ki zauna da maigida ki yi masa bayani cikin ladabi, mafi yawan maza in sun gane dalili suna yarda.

Autarki ita ce na fi damuwa da ita, domin daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana dubu ke nan, a nan ake gina tsayinsa da ƙwaƙwalwarsa, abin da aka rasa a wannan lokaci da wuya a mayar da shi duka. Wata shida na farko nono zalla ya ishi jariri, ko ruwa ba ya buƙata duk zafin Kano, saboda mafi yawan nonon ruwa ne. Taki ta wuce nan. Ki ci gaba da ba ta nono har shekara biyu, amma yanzu nono kaɗai ba ya isarta. Kuskuren da na fi gani shi ne koko tsararo, ruwa-ruwa, a ɗura wa yaro cikinsa ya cika ba abin da ya samu. Cikin yarinya 'yar wata takwas ɗan ƙarami ne, duk cokalin da zai shiga ya kamata ya zama mai nauyi. Kunun ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube da sauri ba.

Ga haɗin da nake koya wa mata. Gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, waken suyan a tabbata ya soyu a kuma cire masa ɓawo, sannan a haɗa a niƙa. A riƙa dama mata a dafa shi sosai, a ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. Wata rana ki murƙushe mata dafaffen ƙwai, wata rana wake da kabewa, ko dankalin Hausa da garin kifi, ko ayaba da gwanda. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ko ya hana shi magana ba ta da tushe, ki ba ta abinki. Yanzu ki riƙa ba ta abinci sau 2 zuwa 3 a rana, in ta shiga wata tara ya koma sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kada a sa mata dunƙule ko suga, zuma kuma sai ta cika shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba. Ki ware mata ɗan kwanonta ki zauna ki ba ta da hannunki bayan kin wanke shi da sabulu. In aka haɗa ta tire ɗaya da yayyenta, kafin ta kai loma biyu sun share, ke kuma ba za ki san nawa ta ci ba.

Ki riƙa kai ta awo a asibitin unguwa ana duba nauyinta, a ba ta ɗigon bitamin A duk wata shida har ta kai shekara biyar. Idan kika ga nauyinta ya tsaya wata biyu a jere, ko ƙafafunta biyu sun kumbura, ko gashinta ya yi ja yana zubewa, ko ta ƙi cin abinci ga gudawa ta ƙi tsayawa, kada ki jira kuma kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Ki kai ta a auna damtsenta da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma akwai abincin magani na musamman da ake bayarwa a asibiti wanda da yardar Allah yake tayar da yaro cikin 'yan makonni.